Finjalin da Fargus Ya Ajiye a Ƙasa

A shekararsa ta uku a Tafila, wani garin Larabawa, Fargus ya kai inda ba a ƙara juyowa a kalle shi idan ya shiga kasuwa. Mutumin ƙasar Ayalan ne, dogo mai jan gemu, ya haura arba'in bai yi aure ba. Yana koyar da Turanci a wata cibiya da ke saman shagunan masu faci, da safe ma'aikata, da yamma 'yan makaranta masu shirin jarrabawa. Da yake ba shi da ɗa, mutanen gari suka laƙaba masa Abu Ga'ib, wato uban wanda bai iso ba tukuna, shi kuma ya amsa.

Yana haya a saman gidan Abu Zaidun, wani tsohon soja mai son magana, wanda ya ɗauki nauyin koya masa zama da mutane. Shi ya nuna masa yadda ake dunƙula shinkafar mansaf da hannu ɗaya, shi ya koya masa dokar gahawa.

"Da dama za ka karɓa, Ustaz, kuma ka sha nan take. Ba a ajiye finjali, ba a hura shi. In ya ishe ka, ka girgiza finjalin. In ba ka girgiza ba za su yi ta zuba maka har idonka ya ƙi rufuwa sai bayan salla."

Fargus ba ya ƙin gayyata. Suna, biki, ta'aziyya, duk yana sahu. Har neman aure an taɓa tafiya da shi, don Abu Zaidun ya ce jan gemu yana ƙara wa tawaga kwarjini. A can ne ya ga abin da ya saɓa wa darasinsa: an miƙa wa shugaban tawaga finjali, shi kuwa ya ajiye a gabansa bai sha ba, ya faɗi abin da ya kawo su, sai da uban yarinya ya ce, "Sha gahawarka," sannan ya ɗauka. A hanyar komawa ya tambaya.

"Mai roƙo ne kawai yake ajiyewa," in ji Abu Zaidun. "In an ba shi abin da ya zo nema, ya sha. In an hana, ya tashi ya bar ta. Allah kada ya nuna maka finjalin da aka tashi aka bari."

Abin ya faru ne wata Laraba a ƙarshen sanyi, bayan la'asar, an yi yayyafi titi yana santsi. Fargus yana saukowa gangaren da ya bi ta gaban masallacin unguwar gabas a tsohuwar motarsa, sai wani dattijo ya fito daga bayan motar kayan lambu. Fargus ya taka birki, motar ta ƙi tsayawa a inda ya so. Dattijon shi ne Alhaji Irshaid, wanda zuriyarsa ta cika rabin unguwar. Kafin Fargus ya fito, mutane sun taru, an ɗauke tsohon a bayan wata motar ɗaukar kaya an yi asibiti da shi. Wani mai shago ya ja Fargus gefe ya ce, "Wuce ofishin 'yan sanda yanzu, kafin 'ya'yansa su iso." Ya tafi, ya ba da bayani, shugaban cibiyarsu ya zo ya tsaya masa, aka sallame shi. Ƙafar tsohon ta karye wuri biyu, amma ransa yana nan.

Da ya koma gida ya kira yayansa, wanda ya daɗe yana aikin inshora a ƙasarsu. Yayan ya yi masa magana dalla-dalla, irin ta wanda ya san aikinsa. Kada ya je wurin wanda ya ji ciwon. Kada ya kira danginsa. Kada ya ce a yi haƙuri, domin za a ɗauka ya amsa laifi. Ya bar hukuma da hukuma su yi. Shawarar ta yi wa Fargus daɗi, domin ta yi daidai da abin da tsoronsa yake so. Abu Zaidun kuma ba ya gari, ya tafi garin Akaba wurin 'yarsa da ta haihu.

Ranar farko ba abin da ya canja. Daga nan mai burodi, wanda kullum yake tsokanarsa da zancen aure, ya miƙa masa burodi yana kallon wani wuri. Masu faci da ke ƙarƙashin cibiya suka riƙa yin shiru idan ya zo hawa bene, suna ci gaba da hira bayan ya wuce. Juma'a ta zo, ba wanda ya kira shi cin abinci, abin da bai taɓa faruwa ba tun watansa na farko. Ya dafa ƙwai ya ci a tsaye. A ajin yamma kujeru suka fara zama babu kowa: jikokin Alhaji Irshaid suka daina zuwa, sannan 'ya'yan surukansa, sannan maƙwabtansu.

Sai kuma wata farar a-kori-kura ta ɓullo. Da rana tsaka takan zo ta tsaya a ƙarƙashin tagarsa, injin yana aiki, direban ba ya fita. Fargus ya leƙa ta gefen labule ya gane shi. Ukla ne, ɗan tsohon na tsakiya, mai aikin fasa dutse, wanda aka ce ya taɓa ɗaga ƙofar shago shi kaɗai. Ba ya danna hon, ba ya kira, yakan zauna kawai hannunsa ɗaya a waje, ya jima, ya ja mota ya tafi. Fargus ya daina buɗe taga. Ya fara zagayawa ta bayan makabarta don zuwa aiki. In aka ƙwanƙwasa ƙofa, ko mai kawo gas ne, sai ya tambayi ko wane ne kafin ya buɗe. Ya ɗauko jakarsa daga kan kabad ya ajiye a buɗe kusa da gado, yana sa kaya yana cirewa. Ba ya son barin garin nan. A nan ne karo na farko a rayuwarsa ya zauna inda ake lura idan bai fito ba. Amma shugaban cibiya ya riga ya gaya masa cikin ladabi cewa in iyalin ba su yafe ba, zamansa a Tafila ba zai yiwu ba, ko a aji ko a titi.

Bayan kwanaki Abu Zaidun ya dawo, da yamma, kuma bai ko ajiye sandarsa ba ya hawo bene.

"Ustaz, an gaya mini wata magana a tasha, na ce ƙarya ne. Ka je ka duba mutumin?"

"Ban je ba, Baba. Yayana ya ce..."

"Yayanka ɗan wace unguwa ne a Tafila?"

Abu Zaidun ya buga sandarsa a ƙasa.

"Innalillahi! Mota tana buge mutum, wannan ƙaddara ce, kowa ya sani. Da ka je ran nan da kwalin alewa ka zauna bakin gadonsa, da Ukla da kansa zai rako ka har ƙofa. Amma ka karya wa dattijo ƙafa ka koma ka rufe taga kamar akuya ka taka? Shekara uku ina wahala a kanka, ashe cin mansaf kaɗai ka koya."

"Za su yi mini wani abu?"

Abu Zaidun ya juya zai sauka.

"Ban sani ba," ya ce. "Zan tara mutane."

Ranar Asabar bayan la'asar suka tafi, dattawan unguwa da limami da shugaban cibiya, Fargus a tsakiyarsu cikin kwat ɗin aro da ta yi masa gajarta a hannu. A hanya Abu Zaidun ya yi masa huɗuba.

"Finjali ɗaya za a zuba, ni za a ba, ni zan yi magana. Kai zauna, ka dubi ƙasa, ka rufe wannan bakin mai karya Larabci."

Ɗakin baƙin Alhaji Irshaid ya cika da maza, a zaune a jikin bango har ƙofa. An kawo gadon tsohon an sa a can ƙuryar, ƙafarsa a naɗe fari fat, a miƙe kan matashi. An amsa sallama, amma ba wanda ya yi murmushi. Fargus ya zauna inda aka nuna masa.

Ukla ne ya shigo da butar gahawa a hannun hagu, finjali a dama. Ya nufo Abu Zaidun, Abu Zaidun ya gyara zama ya fara miƙa hannu. Ukla ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya tsaya a kan Fargus, ya zuba, ya miƙa.

Liman ya sunkuyar da kai. Abu Zaidun ya buɗe baki ya rufe, domin ba a koya wa mutum darasi a gaban masu gida.

Hannun Fargus ya karɓa da kansa, kamar yadda ya saba, har ya kai finjalin kusa da gemu. Ƙamshin ya bugi hancinsa. Shekara uku ana ce masa sha nan take, kada ka ajiye, ajiyewa raini ne, ga kuma Ukla a tsaye a kansa yana jira, butar tagulla a hannu. Ya ji in ya ajiye, wataƙila butar nan ta sauka a kansa. Sai ya tuna ɗakin neman auren nan, da finjalin da ya zauna a ƙasa yana hayaƙi. Shi ba baƙo ba ne yau, mai roƙo ne. Ya sunkuya a hankali ya ajiye finjalin a kan darduma, gahawa ta ɗan zube a yatsunsa, ta ƙona shi, bai goge ba.

Ya ɗaga kai wajen gadon, ya yi magana da ɗan Larabcinsa.

"Alhaji, ni na buge ka. Ni ban zo ba. Na ji tsoro, na ɓuya a ɗaki. Ba ni da dangi a garin nan sai waɗannan. Na zo roƙo ka yafe mini, ka bar ni in zauna."

"Yanzu?" in ji Ukla. "Yanzu ka san hanyar gidan?"

"Ukla," in ji tsohon, "matsa, kana tare mini shi."

Tsohon ya daɗe yana kallon Fargus.

"Kai ne Abu Ga'ib? Lallai an iya sa suna. Ƙafa dai likita ya ɗora, ba ita ke damuna ba. Ina kwance a asibiti ina kallon ƙofa. Mai kayan lambu ya zo. Direban da ya kai ni ya zo. Mutumin da muke gaba da shi kan iyakar gonar zaitun tun kafin a haifi wannan ƙaton, shi ma ya zo da lemo, ya zauna, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ko da yake na san ba har zuci ba. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye ni, Baturen ya zo? In ce tukuna. Ka san nauyin wannan tukuna a bakin dattijo?"

"Ban sani ba, Alhaji. Yanzu na sani."

Hayaƙin finjalin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Fargus yana jin numfashin Ukla a samansa. Ya fara lissafin yadda zai tashi ya ratsa mutanen nan har ƙofa in ba a ce ya sha gahawar ba.

Tsohon ya gyara matashinsa, ya yi tsaki don zafin ƙafa.

"Duk Alhamis za ka zo ka zauna da ni har in tashi, in rama kallon ƙofar da na yi. Kuma da ƙafa za ka zo. In na ga motar nan a unguwata, da ɗaya ƙafar zan bi ka." Wani ya yi dariya a bakin ƙofa, ya haɗiye ta. "Sha gahawarka."

Ta yi sanyi, ta yi ɗaci. Fargus ya shanye, ya manta bai girgiza ba, Ukla ya sake zubawa ba tare da ya dube shi ba.

Jikokin sun koma aji a makon da ya biyo, mai burodi ya koma zancen aure. Fargus ya mayar da jaka kan kabad, ya sayar da motar ga wani mutumin garin Karak. Alhaji Irshaid ya daɗe da tashi, yana tafiya da sanda, amma har yau duk Alhamis bayan la'asar za ka ga dogon mai jan gemu yana hawa gangaren unguwar gabas da kwalin alewa. Ukla bai taɓa gaishe shi da suna ba. In farar a-kori-kura ta taho daga bayansa, Fargus yakan raɓe jikin bango ya tsaya cik, ba ya waiwayawa sai ƙarar injin ta yi nisa.