Rakiya Har Bakin Kwalta

Shekarar da na ajiye alli na ce zan koma horar da masu ƙananan sana'o'i, yayana bai yi mini faɗa ba. Dubana kawai ya yi, ya ce, "To, Madam, Allah shi ba da sa'a." A gidanmu in aka kira ki Madam da irin wannan murya, an gama da ke. Hutun shekara biyu na nema daga aikin lakwal, wato makaranta, aka ba ni, da sharaɗin in damina ta biyu ta ƙare zan je buro, wato ofis, in faɗa ko ina komawa aji ko na bar shi har abada.

Mutanena teloli ne, da masu butik, wato ƙananan shaguna, da mata masu man gyaɗa, da 'yan albasa na wajen Malbaza. Wasu suna nan Konni, wasu Tsarnawa, wasu Dogarawa, har da na Tajaye. Ba ni da ƙafar zagaya su kowane mako, don haka duk wanda ya zo horo sai in buɗe masa imel a salularsa, kowace Litinin kuma in aika musu wasiƙa guda a kan sana'a. Wanda ya karanta ya ji daɗi shi ke tura wa wani, wanin nan kuma shi ke zuwa horo na gaba. Ranar da wasiƙar ta mutu, aikina ya mutu, sai in ɗauki allina in koma, yayana yana kallo.

Shekarar farko kaina cike yake, har sai na zaɓi abin da zan bari. Da ta biyu ta shigo sai na ƙafe ƙaf. In zauna gaban kwamfuta bayan azahar, fanka na kaɗa mini iska mai zafi, in rubuta layi ɗaya in goge. Na yi magana a kan tsabtar shago, bayan wata guda na sake yin ta da wasu kalmomi. Wani mai butik ya amso mini da cewa, "Madam, mun share." Ka ji ɗan rainin wayo! Na kwana biyu ina jin haushinsa. Sauran ma ko amsar ba su yi ba, sun daina buɗe wasiƙar, kuma a horon da ya biyo baya kujeru sun fi mutane yawa.

Ana nan sai na saurari wani darasi ta intanet, na masu irin aikina a ƙasashen waje. Matar da ke koyarwa ta ce abu ne mai sauƙi: ka tambayi masu karanta ka abin da ke damunsu, amsarsu ita ce abin rubutunka. Na ce madalla. Litinin na yi na aika da tambaya ɗaya tak: mene ne babbar matsalarku a sana'a?

Amsoshi suka zo kuwa. "Lahiya lau, Madam." "Alhamdu lillahi, sai godiya." Wani dattijo ɗan albasa ya jero mini gaisuwa layi bayan layi, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi yadda muka ji da zafi, ya rufe da addu'a. Mutumin da na san rabin albasarsa ta ruɓe bara a rudu, rumbun da yake ajiye ta! Na rufe kwamfutar ina masifa ni kaɗai. Sai da na huce na ce, to wa ma zai zauna ya rubuta kukansa da hannunsa ya aika, kamar wanda bai gode wa Allah ba? Ni kaina da aka aiko mini, lafiya lau zan ce.

Sallar layya ta matso, ruwan farko ya sauka, lokacina yana tafiya. Wata Alhamis na shiga mota zuwa Tsarnawa wajen wata tela da ta yi horo a hannuna, mace mai hannu, ga ta da kunya. Na tarar da atamfofi da shaddoji sun cika ɗakin, har a kan gado, idanunta kuma sun yi ja. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura. Na ce, "Ya aiki?" Ta ce, "Alhamdu lillahi." Na ce, "Ba wata matsala?" Ta ce, "Babu, Madam." Muka yi hirar ruwa, muka yi hirar tsadar rago. Na tashi raina a ɓace, ina cewa a zuci na ɓata yinina.

Ta ɗauki mayafi za ta raka ni. Muka wuce masallaci, muka bi gefen wata gona da gero ya fara tsirowa. Muka iso bakin kwalta, mota ta tsaya, na sa ƙafa ɗaya ciki. Sai na ji an riƙe bakin mayafina.

"Af, Madam, dama akwai wata ƙawata."

Na sauke ƙafar. Direba ya yi tsaki ya ja motarsa, na ce ya je Allah ya kiyaye hanya.

Idonta na kan kwalta ta ba ni labarin. Ƙawar nan tata tela ce ita ma. Duk Sallah dangi ne ke fara kawo ɗinki: yayar miji, gwaggo, matar liman, maƙwabciya. Ba ta iya buɗe baki ta ce wa ɗayansu aiki ya yi mata yawa, sai ta karɓa. Ranar idi ta zo wasu kayan ko yanka su ba a yi ba, kuma waɗanda ke shiga tsofaffin kaya su ne baƙin da suka zo don sun ji tana da hannu. Ba sa dawowa. "Bana ma hakan za a yi," in ji ta. "Mi za ta yi, Madam?"

Tana magana, ni kuwa wani abu na buɗewa a kaina. Haka mahaifiyata take yi, haka ni ma nake yi, haka kowa namu. Mai magana zai zo ya sha ruwa, ya yi hira, ya yi sallama, sai an juya wa gida baya, ana tafiya kafaɗa da kafaɗa ba mai kallon idon wani, sannan abin da ya kawo shi ya fito. Ni kuwa na je na tsaya tsakiyar ɗaki ina tambayar mutane cikinsu!

Na ce, "In rubuta wa ƙawar taki amsa a wasiƙar Litinin?"

Ta ce, "In dai ba a gane ta."

A wasiƙar na mai da ita namiji, na kai shi wani gari. Na rubuta cewa in 'yar'uwa ta kawo zane, ka karɓa da hannu biyu, ka yaba shi, sannan tun tana zaune ka faɗa mata ranar gaskiya, ko da bayan Sallah ce. In ba za ta iya jira ba, ka nuna mata wani telan da ka yarda da shi. Abu ɗaya dai, kada zanen ya kwana ɗakinka, don in ya kwana ya zama alkawari. Na yi sallama kamar kullum, na bar fili, can ƙasa na ƙara: "Af, na manta. In akwai wani abokinku da wani abu ke damunsa a sana'a, ku ba ni labarinsa."

Wayyo daɗi! Ashe duk ƙasar nan abokai ne ke cikin wahala. Wani abokinsa ya sa ƙanensa a butik, ƙanen barci yake yi, kuma ba ya iya korarsa. Wata ƙawarta ta yi karatu, tana jin kunyar a gan ta da tallar man gyaɗa. Mai butik ɗin nan da ya ce sun share ma yana da aboki. Dattijon albasa ya sake jero gaisuwarsa cif, a ƙarshe ya ce yana da wani amini da ke sayar da albasarsa da wuri don kawai maƙwabta sun sayar. Na tashi tsakar gida na taka rawa ba kiɗa, maigida yana tambayata ko lafiya. Abin rubutun shekara guda ya taru a hannuna, kuma kowace Litinin sabbin abokai ke ƙaruwa. Horon da na yi a tsakiyar damina sai da muka aro benci daga maƙwabta.

Bayan Sallah na koma Tsarnawa. Muka sha fura, muka yi hirar gona, ban tambaye ta komai ba. A bakin kwalta ta ce, "Ƙawar nan tawa ta maida wa yayar mijinta atamfa." Na ce, "Mi ta ce?" Ta rufe baki da mayafi tana dariya. "Ta yi hushi, ta daina amsa gaisuwa. Shekaranjiya ta sake aiko da atamfar. Bana dai ba wanda ya tahi idi da tsohon kaya saboda ni." Ta ji abin da ta faɗa, ta dube ni, muka fashe da dariya har muna riƙe juna.

Gero na nuna sai ga yayana da babur ɗinsa. Na san abin da ya kawo shi. Ya ci tuwo, ya yi wasa da yara, ya yi sallama. Na raka shi har inda ya jingine babur. Yana gyara hula ya ce, "Af, an kusa komawa lakwal hwa. Yaushe za ki buro?"

Na ce, "Na je tun jiya, Yaya. Na ce musu su ba wata malama ajin."

Ya daɗe bai ta da babur ɗin ba. Can ya ce, idonsa a kan hanya, "Wasiƙar nan taki ta Litinin, ki sa a riƙa turo mini."