Baba Mamman, Mai Fito a Garin da Babu Kogi

Ranar Talata da hantsi matar mai gadin makarantarmu ta leƙo ajina, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta yi sallama ba. Da na fito ta ce mini an aiko daga unguwar Mansur, Baba Mamman mai ruwa ya rasu bayan sallar asuba, yana zaune a kan tabarmarsa, za a yi masa salla a Harami da azahar. Na yi salati, na koma na ƙarasa darasin, domin saura kwata a tashi kuma ban san abin da zan yi da kaina a waje ba. Ɗalibaina sun ce ba su taɓa jin na yi bayani a tsanake kamar ranar ba.

Waɗanda suka san shi a nan Makka, da garwa biyu a sanda suka san shi, yana ɗauko ruwa daga bazan, wato wurin ɗibar ruwa na unguwa, yana hawa benaye da shi. Kaɗan ne suka san cewa Basarke ne ɗan ƙasar Yawuri, a cikin jirgi ya yi wayo. Ya fito hajji yana saurayi, hanya ta ci masa shekaru. Ya yi fito a kogin Shari, ya yi shekara tara a kan Shuɗin Nilu yana gangaro da gora daga garin Rusairis. Ana ɗaure gorar ne dami-dami har ta zama faffaɗan dandali, a kafa 'yar rumfa a kai, a bi ruwa da ita. Gado yake kiranta. Da ya sauke farali sai ya zauna, ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ya san idan ya fita ba dawowa. Mutumin da ya sha juya kogi da sanda ya ƙare yana auna ruwa da garwa. Ban taɓa jin ya kira wannan rashin sa'a ba. Ni ce nake kiransa haka, a zuciyata, lokacin ina sabuwar zuwa daga jami'ar Khartum, ina ganin kowace rayuwa tana bukatar sharhina.

Ba ya zubar da ɗigo a kan matakala. Idan ya tarar tulun gida da gansakuka, ba zai juye ba sai an wanke, ko da matar gidan za ta yi fushi. Masu komawa gida ta Sudan wurinsa suke zuwa, ya gaya musu wace mashiga za su bi, wane mai jirgi za su nema, kuma bai taɓa karɓar ko shayi a kan haka ba. Yakan ce musu, "Wanda duk ya ce muku ya san kogi gaba ɗaya, ku sauka daga jirginsa." Ustaza yake kirana, da wani irin ladabi wanda har yau ban tabbatar ko tsokana ce ba.

Abin da ya shiga tsakanina da shi sananne ne a unguwa, sai dai rabinsa aka sani. Zan faɗi sauran, tunda iyalinsa za su ji wannan takarda.

Mahaifina a hanyar hajji ya rasu. Sun bar ni ina yarinya wurin kawuna a Umdurman saboda makaranta, shi da Inna suka tafi saran gora don haɗa guzuri. A kan gado, suna gangarowa, zazzaɓi ya ɗauke shi. Aka tsaya a wata gaɓa aka binne shi, aka ci gaba. Inna ba ta san sunan wurin ba. Daga cikin ruwa ta gan shi, kuma ta ce daga cikin ruwa kaɗai za ta gane shi. Shekara goma sha takwas bayan nan, ƙafafunta sun fara kumbura, likita ya ce zuciya ce, sai ta ce tana so ta koma ta tsaya a kan kabarin sau ɗaya, ta nuna mini. Idan ta tafi ba ta nuna ba, babu wanda ya rage da ya san wurin.

Na ɗauki shirin kamar jarrabawa. Na sami littafi na ja masa layuka. Maigidana ya nemi hutu, muka yi takardar fita da dawowa, muka yi allura. Na binciko jirgin ruwa daga Jidda zuwa Bur Sudan, jirgin ƙasa zuwa Sinnar, babbar mota zuwa Rusairis. Inna ta ce a watan Mauludi suka gangaro, ruwa kwance kamar a faranti, har wanki take yi daga bakin gadon. Na duba na ga watan Mauludi ya faɗo cikin dogon hutun makaranta, na ji daɗin yadda komai ya dace. Saura abu guda: wasiƙa zuwa ga Rayis Adamu, shugaban masu gado a can, wanda Baba Mamman ya koya wa aiki, wanda kuma ba ya ɗaukar baƙi sai da kalmarsa.

Baba Mamman ya zo bayan la'asar, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna. Na karanta masa shirin daga farko har ƙarshe. Ya saurara, kansa a sunkuye. Da na gama bai dube ni ba, Inna ya tambaya.

"Hajiya, da kuka gangaro, ruwan alwalar asuba yana cizon hannu?"

"Cizo kai. Da bargo biyu nake kwana."

"Dawa fa, tana tsaye a gona ko an kai rumbu?"

"An daɗe da girbewa. Kara kaɗai."

"To. Ustaza, Mauludin bana da bargo za ki kwana?"

A ɗakin nan gumi ne ke bin bayana. Labarin ƙasa na karanta a jami'a. Na san watan sama yana ja baya kwana goma sha ɗaya kowace shekara, na koyar da shi ma. Na girma ina kallon kogin nan yana cika ya yi ja a tsakiyar damina. Amma shekara uku a garin da ba a shuka, ba a girbi, inda ake lissafin komai da kafin hajji da bayan hajji, sun ishe ni in manta cewa kogi ba ya duban wata. Mauludin Inna na tsakiyar hunturu ne. Nawa ya faɗo a kan ganiyar ambaliya.

Wanda aka kama da kuskure a gaban uwarsa ba ya cika godiya. Na ce ai ana shiga ruwa da damina. Ya ce ana shiga, maza masu iyo, su ma ba duka ke fitowa ba. Ya ce a lokacin kogin yana tafe da itatuwa sukutum da saiwarsu, gaɓar da Inna ke nema ma tana ƙarƙashin ruwa ko ta canja kama. Ya ce a bari sai bayan ƙaramar salla.

"Baba, wata bakwai ke nan. Ka dubi ƙafafunta."

"Na duba, ɗiyata."

"Idan ba ta kai ba fa?"

"Allah ya kai ta. Amma ba zan aika ba."

Inna ta ce, "Ke dai bar shi. Tun yana kawo mana ruwa ban taɓa cin gardama da shi ba, balle a kan kogi."

Ban bar shi ba. Na rubuta wa Rayis Adamu da kaina, da Larabci mai kyau, na ba wani alhaji mai komawa. Amsa ta zo bayan mako shida, layi biyu. Yana gaida Baba Mamman, yana tambaya me ya ce.

Daga nan Baba ya ɗauki wata al'ada. Duk Juma'a bayan la'asar zai zo ya zauna a bakin ƙofar Inna, su yi ta hirar kogi. Ina daga ciki ina gyaran littattafan yara, ina jin su. Kwana nawa kuka yi bayan kun bar duwatsu? Da kuka tsaya, rana ta faɗi a gabanki ko a bayanki? Gaɓar yashi ce ko laka? Da aka haƙa, ƙasar baƙa ce? Kin ji kukan jaki ko na shanu? Wani lokaci tambaya ɗaya zai maimaita mako uku a jere, ta wata fuska. Inna tana jin daɗi, tana dariya, tana ce masa alƙali. Ni kuwa na ɗauka tsoho ne ya hana mu tafiya, ya kuma sami wurin shan inuwa.

Inna ta rasu a watan Rajab. Ya zo ta'aziyya ya tsaya a bayan labule, na sa maigidana ya amsa. Kashegari na sa aka nemo wani mai ruwan. Unguwa ta gani, ba wanda ya ce komai, kuma na san irin wannan shirun. Bai aiko a ba ni haƙuri ba, bai kuma gaya wa kowa cewa shi ne da gaskiya ba.

Ana saura kwana goma azumi, matarsa Hajiya Rabi ta shigo gidana, ta ƙi zama. Ta ce, "Ya ce ruwa ya fara kwanciya. Ki zo da takarda da alƙalami." Na tafi, ba don na huce ba, sai don ina so in ji abin da zai iya faɗa. Bai ambaci abin da ya wuce ba. Ya ce rubuta, na rubuta. Ya gaya wa Rayis Adamu cewa kwana na uku ne daga ƙasan duwatsu, idan gado mai nauyi ne kuma ba a tafiyar dare. Gaɓar yamma. Bayan lanƙwasar da kogi ke juyawa har rana ta koma bayan mutum. Ba inda yashi yake ba, gaba kaɗan, inda laka ta yi tsayin mutum biyu. Akwai bishiyar kuka a sama, da mashayar shanu a ƙasanta. Ya ce wuri biyu ne suka yi kama da haka, amma Hajiya ta ce ta ji ƙarar injin ban ruwa da safe, don haka na biyun ne. Duk abin da Inna ta faɗa a Juma'o'in nan yana kansa, ya tace shi, ya zubar da abin da tsufa ya ƙara. Rubutuna ya karkace. Ya leƙa takardar, shi da bai iya karatu ba, ya ce, "Ustaza, a jami'a haka ake layi?"

Bayan salla muka tafi, ni da maigidana. Ruwan yana kwance kamar yadda Inna ta faɗa. A rana ta biyu Rayis Adamu ya nuna mini sama da sandarsa. A cikin rassan wata bishiya, inda ko na hau kafaɗar maigidana ba zan taɓo ba, akwai busasshiyar ciyawa da karyayyun itace a maƙale. Ya ce nan ruwan bana ya kai. A rana ta uku da la'asar ya karkata gadon ya kafa sanda. Muka hau gaɓar. Kaburbura uku ne a gindin kukar, an kewaye kowanne da duwatsu. Makiyayan wurin suka ce duka na alhazan yamma ne, ba su san sunaye ba. Na tsaya a tsakiya na yi wa ukun addu'a.

Da muka dawo na je na gaya masa. Ya tambayi launin ruwan, ya tambaya ko Adamu har yanzu yana ɗaure gora da ƙullin da ya koya masa. Sannan ya ce, "Da na aika, ko ta gani ko ba ta gani ba, Allah ne masani. Amma da ni ne na saka ta a ruwan nan." Wannan kaɗai ya taɓa faɗa a kan maganar.

Ba zan ce zuciyata ta daina tambaya ba. Inna ta so ta gani da idonta, ba ta gani ba, kuma ƙin da ya yi yana cikin dalilan. Amma na san ya auna wannan tun ranar da ya dubi ƙafafunta, ya zaɓi ya ɗauki fushina, ya kuma yi wata huɗu yana kwashe abin da ke kanta don kada ya tafi da ita. Ni kuwa abin da na iya yi shi ne na sallami sabon mai ruwan, na aika a ce masa ya dawo. Na ɗauki wannan a matsayin ban haƙuri. Shekara biyar yana hawa matakalata har gwiwa ta hana shi, kullum ina cewa gobe zan faɗa da baki.

Hajiya Rabi, ke da 'ya'yanki, ga shi na faɗa, a makare. Na yi wa mahaifinku rashin adalci a idon unguwa, ina roƙon ku yafe mini a madadinsa.

Allah ya jiƙan Baba Mamman, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa. Allah ya ba Hajiya Rabi haƙuri da lafiya, ya rufa wa 'ya'yansa da jikokinsa asiri a wannan gari da suka tashi a cikinsa. Allah ya jiƙan Inna da mahaifina, da alhazai biyun da ke kwance kusa da shi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin abin da ya kamata tun mai ji yana da rai. Amin.