Ruwan tur'armu yana cikin waya

Ƙanena Usman, injiniya guda, ya iso daga Madani yana hura hanci. Wai taswirar gonakinmu da ya zana a kwamfuta ta hau intanet, kowa ya taɓa gonarsa a waya ya gani.

Kawu Bala ya karɓi wayar, ya ƙura ido.

"Wanga shuɗin layi fa?"

"Tur'a ce, Kawu, mai kawo maka ruwa."

"Ashe nan ruwan ya maƙale! Kwana arba'in dawata na ƙonewa, ina ta zagin mai buɗe ruwa. Danna shi ya zubo, ya injiniya."

Rabon Usman da bakin tur'ar nan shekara biyar, amma daga kan kujera ya cika ta fal.

Ku fa, me aka cika muku a waya?