Rigar Kwamfuta

A shekarun da na yi ina aikin rubutu a ofishin ƙungiyar manoman ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla, kwamfuta ɗaya tal muke da ita, ita ma ta hannu aka sayo daga birnin Madani. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ke share ofishin, ta kuma dafa mana shayi. Mace ce da ba ta iya ganin abu tsirara. Rediyonta na da riga, keken ɗinkinta ma haka.

Bayan wata guguwa da ta cika mana ofis da ƙasa, sai ga ta da rigar da ta ɗinka wa kwamfutar daga tsohon mayafinta shuɗi, har da ado a baki. Ta rufe akwatin ruf, gaba da baya. Na san yana bukatar iska, amma yadda ta tsaya tana jiran yabo ya ɗaure mini baki. Na ce ta yi kyau.

Kwana uku ina aiki da ita a cikin riga, ga zafin bazara. A rana ta huɗu ta yi warin ƙonanniyar roba, ta mutu.

Mudir, wato shugaban ofis, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi a sayo sabuwa, wannan kuma a jefar da ita bayan ofis. Can kuwa akwai tsohon injin buga takarda da wani allo fasasshe, kuma duk damina ruwa yakan wanke su ya gangara tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, inda mata ke ɗibar ruwa. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Gwaggo ta daina zuwa. Na same ta a gida tana yanka kuɓewa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ni na kashe ta, ɗana," ta ce. "Halas, shi ke nan, ba ni komawa maktab, ofishin nan naku. Da wane ido zan dubi mudir?"

"Gwaggo, ƙarfe ne fa."

"Ƙarhe na, amma amana ta."

Washegari na roƙi mudir ya ba ni kwana biyu, mu gwada gyara kafin mu ƙara wa tur'a wata gawar. Ya yi dariya, ya ce in je, idan na kai mara lafiyar asibiti in gaida likita. Na naɗe akwatin a bargo, na rungume shi a mota har Madani. Mai gyara ya buɗe, ya ce fankar ciki ce ta tsaya, wani ɗan abu kuma ya ƙone. Ya ciro madadinsu daga wata matacciyar kwamfuta ya sa. Daga lokacin ba mu ƙara sayen sabon abu ba sai mai gyara ya ce ƙarfinsa ya ƙare, tarkacen bayan ofis ma shi muka kai wa.

Da na dawo da kwamfutar ofis, da ƙyar na janyo Gwaggo, ta kuma toge a bakin ƙofa. Na kunna. Da ta ji ƙara, sai ta matso a hankali, ta kai bayan hannunta wurin ramukan baya, iska mai ɗumi ta taɓa ta.

"Ashe numfashi take," ta ce, idonta ya ciko. "Ni ko na toshe mata hanci."

Tausayinta ya kama ni har na kasa ci gaba da ɓoyewa. Na ce mata tun ranar farko na san rigar za ta yi ɓarna, kunyar ɓata mata rai ce ta hana ni magana.



"Ka sani, ka bar ni kwana biyar ba ni iya cin tuwo?" Ta share ido da gefen mayafi. "Gobe in na yi kuskure ka hwaɗa mini, ɗana. Ban tsufa da jin gaskiya ba. Miƙo mini tsintsiya."