Larabcin da Na Karya da Gangan

A Tandabawi, cikin Makka, aka haife ni, kafin a rushe layinmu mu koma Rusaifa. Kakata ce ta zo aikin hajji daga Kano ta zauna, ta haifi babana a nan, shi ma ya haife ni a nan. Amma har yau iƙama nake riƙewa, takardar zama irin ta baƙi. Mai iƙama kuwa in kotu ta same shi da sata, yana gama zaman kurkuku sai jirgi. Ni Kano ban taɓa ganin ta ba sai a wayar Umma.

Makaranta na ajiye ta tun ina shekara sha huɗu, ni da ita ba mu jitu ba. Na koma wajen kawuna mai tsire, ina yanka albasa ina zolayar masu saye. Baki ne jarina, kowa a unguwa ya sani.

Ranar, bayan la'asar, ina tahowa da buhun albasa a kafaɗa, motar 'yan sanda ta sha gabana. Ashe an fizge waya a wani shago, mai shagon ya ce takaruni ne, dogo. Takaruni shi ne mu, duk baƙin mutum. Dogo kuwa, ni da sai na yi ɗage nake ganin saman firij.

Ɗaya ya leƙo ta taga ya ce, “Inta, fen iƙama? Inta fi sirƙa?” Wai kai, ina iƙama, kai ka yi sata? Wannan ba Larabci ba ne. Guntun Larabcin da ake yi wa lebura ne wanda ya sauka jiya. Ni da ko mafarki da Larabcin Makka nake yi. Raina ya sosu, bakina kuma ya riga hankalina. Na langwaɓe kai na ce, “Ana ma fi ma'alum, mudir.” Wato ban san komai ba, ranka ya daɗe, da muryar sabon zuwa. Haka muke yi a layi in muna tsokanar juna. Na kusa da shi ya fashe da dariya. Na ɗauka na ci wasa.

A ofishinsu na ga ana rubuta cewa wanda ake zargi ba ya jin Larabci. Na ce a'a, wasa nake, na saki Larabci tiryan-tiryan. Mai rubutun ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Yanzu kuma ka iya? Rufe baki.”

Suka samo tafinta, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya zo neman takardarsa da ta ɓata. Ya zauna, ya fi ni tsoro.

“Ɗana, wai ka ɗauka?”

“Baba, me na ɗauka? Albasa na ɗauka, ga ta can a mota.”

Ya juya ya ce musu, “Huwa kalam shil.” Wato ya ce ya ɗauka. Albasar ba ta shiga ba, don bai san sunanta da Larabci ba. Irin Larabcin da nake kwaikwayo, shi iyakar abin da yake da shi ke nan. Na yi ihu, aka ce in dangwala yatsa in tafi gida a gama magana gobe. Na dangwala. Ban tafi gida ba.

Ɗakin da aka sa ni na tarar da mutum uku a kan wayar nan guda: wani Basudane siriri kamar sandar rake, wani ɗan Cadi mai tumbi, da wani Basakkwace mai furfura. Na ce, “Jama'a, ɓarawon nan dai yana canja kama kamar aljani.” Babu wanda ya yi dariya. Basakkwacen ya ɗaga hannunsa ya ɗora kusa da nawa, ya kalli fatar, ya kalle ni. Daga nan ban sake wasa ba a ɗakin.

Sai da na yi kwana shida yayata ta samu ganina. Ita ce mai karatun gidanmu, mai faɗa kuma.

“Bakin nan naka shi zai kai ka Kano,” ta ce. “Ka san wani a can?”

“Yaya, an ce akwai tsire mai kyau.”

Ta dube ni, idonta ya cika. Na sunkuyar da kai. Umma ba ta zo ba, wai tun ranar jininta ya hau.

Yaya ta nemo lauya, wani saurayi ɗan asalin Tandabawi, baƙar fata kamar mu amma mai takardar ɗan ƙasa. Shi ya tono shaidar makarantata, wadda Umma ta adana ban san dalili ba, ya matsa aka duba kyamarar shagon. A gaban alƙali ya ajiye su biyun. Alƙalin ya ce in yi magana. Na yi, tun daga buhun albasa.

“To me ya sa ka ce ba ka ji?”

“Ya shaihi, irin wanda aka yi mini ne na mayar.”

Ya daɗe yana kallona. Mutumin cikin kyamara ya fi ni da kai guda da rabi. Aka sallame ni bayan sati uku.

Da a ce nan ta tsaya. Lauyan ya ce muna da hakkin kai ƙara, a rubuta cewa an tsare ni babu dalili sai launi, a kuma biya diyya. Yaya ta ce ko sisi ba ta so, takardar take so. Na yarda, har na yi ta cika baki a wajen tsire.

Amsar da ɗaya ɓangaren suka kawo gajeriya ce: kamannina sun dace da bayanin mai shago, kuma ni da bakina na ruɗar da su a kan harshe. Kalmomina biyar suna nan a rubuce, ba a rage ko ɗaya ba. Lauyan ya ce in mutanen ɗakin nan uku suka ba da shaida, magana za ta canja. Basudanen an riga an mayar da shi ƙasarsu, takardarsa ta ƙare yana ciki. Ɗan Cadin ya daina ɗaga waya. Basakkwacen na je har unguwar Nakkasa na same shi yana gyaran famfo.

“Kai ɗan nan, 'ya'yana biyar,” ya ce. “Ka ga na fito? To bar ni a fice.”

Ga kuma sabunta iƙamarmu saura wata biyu, mu uku a gidan. Babu wanda ya ce mana ƙarar za ta taɓa ta. Babu kuma wanda ya iya rantsuwa cewa ba za ta taɓa ba, har lauyan. Umma ta daina cin abinci sosai. Wata safiya tana ninke kaya ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, “Kabarin ubanku a nan yake. Ni ba zan iya barin sa ba.”

Na je ofishin lauyan ni kaɗai na ce a janye. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na nemi abin dariya da zan faɗa, ban samu ba. Na sa hannu.

Iƙamar ta fito, ta mu duka. Yaya ta karɓi tata daga hannuna ta sa a jaka, ta wuce ɗaki. Wata huɗu ke nan, in zan ci abinci ta zuba ta ajiye mini a kan tebur, amma ba ta zama.