Amya a Kan Madobiya

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana kurmi a bayan Sunkani, bakin rafi, ni da yayana. Madobiya ce ta fi yawa a ciki, sai ɗorawa da kanya. Nan zabin daji suke ƙwai, birai kuma su sauko shan ruwa in rana ta take.

Ina gidana a Yelwa labari ya iske ni cewa Yaya yana neman mai injin yankan itace. Lokacin kowa ya haukace da katakon madobiya, manyan motoci sai fita suke da gungume.

A wajenmu, bishiyar da aka ɗora wa amya, wato gidan zuma, ba a taɓa ta sai mai amyar ya sauke abinsa da hannunsa. Don haka na sa wani tsoho ya saƙa mini su, na shafe su da kashin shanu, aka ɗaura wa manyan bishiyoyin.

Mai injin ɗan Mumuye ne. Ranar da Yaya ya kawo shi ina wurin, ya ɗaga kai ya ga amyoyin, ya ajiye injinsa.

"Alhaji, wannan itace yana da mai shi. Ni ba na sara."

Yaya ya juyo kaina, idonsa ja.

"Ke! Yaushe kika zama mai zuma? Ke da ko zanzaro ya gifta sai kin yi ihu?"

Na ce, "Tun ranar da ka zama ɗan katako, Yaya."

"Biri ne zai aurar miki da 'ya'ya? Munafuka!"

Ya samo doguwar gora ya dinga zunguro amyoyin, suna faɗowa suna fashewa a gabana. Mai inji ya ce shi dai ba a sauke su yadda ake saukewa ba, ya ɗaure kayansa a babur ya tafi.

Bayan kwana biyu Yaya ya ɗebo samari daga unguwar Barade, waɗanda ba ruwansu da amya. Kafin in kai ƙara wurin mai unguwa sun kwantar da bishiyoyin gefen hanya kaf. Na nemi a raba gado. Aka ba shi kashi biyu, ni ɗaya, na zaɓi gangaren rafi inda mota ba ta shiga. Ya yi dariya ya ce in je in ci laka.

Nasa yanzu kututture ne da masara. Biran da ya kora sun tattaru a nawa, daga nan suke fita su yi masa ɓarna. Bara ya aiko matarsa ta gaya mini in sare wurin ko ya cinna masa wuta. Na ce ta gaishe shi. Washegari na je da fartanya na share gefen iyaka, faɗin da wuta ba za ta tsallaka ba. Yana tsaye cikin masararsa yana kallona har na gama, ko sannu bai ce mini ba, ni ma ban ce masa ba.