Soket Ɗaya a Ofishin Alhaji

Aikin gyaran na'urorin ofis ya kai ni Jidda, ya kai ni Yamai, ya zaunar da ni a Legas har na iya Yarbancin ciniki da na faɗa. Da ƙarfi ya fara raguwa na dawo gida Birnin Kudu, na ɗora jakar aiki a kan kabad. Abin da ya sa na sake sauko da ita, har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

Farkon damina ne. Wani magidanci, surukin maƙwabcina, ya zo gaishe ni da yamma. Shi ne ma'aikacin reshen Gwaram na wani kamfanin taki da iri da ke da babban ofis a nan garin. Mutum ne mai iyali, gemunsa har ya fara furfura. Ya zauna a bakin tabarma yana murza hularsa.

"Baba, an ce in ajiye makullai ƙarshen wata."

"Me ka yi?"

"An ce ban iya kwamfuta ba."

Ya yi mini bayani. A babban ofis akwai babbar na'ura da suke ce wa saba, a cikinta lissafin kayan kamfanin duka yake. Kwamfutarsa ta Gwaram sai ta yi magana da wannan saba kafin ya fitar da buhun taki ko ɗaya. To kusan kullum da hantsi sai maganar ta yanke. Manoma su taso daga Basirka a kan babura, ruwa ya sauka, gona na jira, su tarar da shi zaune gaban allon da ba ya motsi. Sun zage shi, sun kai ƙara wurin mai kamfanin. Manaja ya ce ai duk kwamfutocin Birnin Kudu lafiya suke aiki, saboda haka matsalar tana hannun mutumin Gwaram.

Mai kamfanin, Alhaji, tare muka yi firamare. Na kira shi na ce ina so in duba. Ya yi dariya ya ce, "Tsohon bature, ashe ba ka manta ba? Je ka duba, amma wannan mutumin naka rago ne."

Washegari da sassafe na shiga bas zuwa Gwaram. Na fara daga inda ake farawa a ko'ina a duniya. Na bi waya daga bayan kwamfutar zuwa bango, ba ta karye ba, ɓera bai ci ba. 'Yar fitilar da ke bayan na'urar tana walƙiya yadda ya kamata. Na duba lambar adireshin sabar da aka saka mata, daidai take. Muna da wata 'yar dabara ta aika sallama daga wannan na'ura zuwa waccan don a ga ko za ta amsa. Na aika, saba ta amsa nan take. Na sa ma'aikacin ya yi aikinsa ina kallon yatsunsa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, ya ma fi wasu da na horar a Legas nutsuwa.

Rana ta ɗaga, layin manoma ya yi tsawo, sai allon ya tsaya. Na sake aika sallama, shiru. Na aika wa wata na'urar daban a duniya, ta amsa. Ke nan hanyar Gwaram a buɗe take, can Birnin Kudu ne aka rufe ƙofa.

Wani dattijo mai rawani ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, yau ma aljanun sun tashi? Ko mu koma mu zuba wa masarar haƙuri?"

Aka yi dariya. Ma'aikacin bai yi ba.

Na tambaye shi ko akwai ranar da ba ta yankewa. Ya ce akwai, wani lokaci a yini lafiya. Na ce waɗanne ranaku ne. Ya sunkuyar da kai ya ce bai lura ba. Na ga alamar ya lura.

Na koma Birnin Kudu na je babban ofis. Saba tana wani ɗaki a bayan kanti, baƙa, tsayinta kamar ƙaramin firji, tana gurnaninta lafiya lau. Irinta na yi wa hidima a Jidda, ba ta cika ciwo ba. Kwamfutocin ofishin da waya aka haɗa su da ita kai tsaye, shi ya sa ba su taɓa yankewa. Reshen Gwaram kuwa ta wani ƙaramin akwati mai fitilu yake shigowa, wanda ke ɗauke da layin sadarwa. Na bi wayar akwatin da ido, ta hau bango, ta huda, ta shiga ofishin Alhaji.

Na ce wa manaja, wanda ɗan ƙanwar Alhaji ne, "Akwatin yana ciki?"

"Yana ciki, Baba. Nan ne sabis ya fi ƙarfi, kuma abu mai tsada ai wurin Alhaji ya kamata ya zauna."

"Buɗe mini in gani."

"Yana da baƙi."

Na yi sallama na shiga abina. Alhaji na zaune da baƙi, ana hira, ana kurɓar shayi. A kusurwa akwatin yana kan 'yar kujera, fitilunsa duka a mace, fuloginsa yashe a ƙasa. A soket ɗaya tilo da ke ɗakin, butar lantarki ce ke tafasa. Na gaisa da kowa, na karɓi kofi ɗaya, na fito.

A baranda na tsare manaja.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya kalli takalminsa. "Baba, ai ofishin Alhaji ne."

"Na san ofishin wa ne. Tun yaushe ka sani?"

"Da kansa yake cirewa in ya iso. In zai fita la'asar ni nake mayarwa. To ni yanzu in shiga in ce wa kawuna me? In ce shi ne ya hana kamfaninsa aiki?"

"Sai ka ce mutumin Gwaram ne."

"Shi ai za a iya sama masa wani abu daga baya."

Na tambayi mai kula da sito da mai karɓar baƙi. Duk sun sani. Sun san ranar da Alhaji ya tafi Kano, Gwaram ba ta yankewa. Kowa ya ga gara magidanci ya rasa abincin iyalinsa da a ce wa babba ya matsar da buta. Kuma da sunan ladabi suke yi, wannan ne ya fi ƙona mini rai. A Legas na ga Bayarabe ya kwanta ƙasa ya gaida ogansa, ya miƙe ya kaɗe riga ya ce masa ranka ya daɗe, wayar da ka cire ce ta kashe mana aiki. Ladabin bai ragu ba. A Yamai kan rubuta wa darakta takarda mai sanyin harshe, amma maganar tana ciki. A Jidda ma ana ɗora wa baƙo laifi, na sha gani, sai dai can mugunta ce kowa ya san sunanta. Mu a nan mun yi mata wanka mun sa mata suna kunya.

Na jira baƙi suka watse, na koma ni kaɗai na rufe ƙofa. Na ɗauki fulogin daga ƙasa na nuna masa, na gaya masa abin da yake yi.

Ya fashe da dariya har yana buga tebur. "Wannan ɗan abin? Ni na ɗauka na talabijin ne. To me ya hana yaran nan su gaya mini?"

"Kai za ka tambayi kanka. Mutumin Gwaram fa?"

"A'a, ya ci gaba da aikinsa mana. Me ya yi?"

A ranar aka kira mai gyaran wuta ya ƙara soket. Aikin bai ɗauki tsawon shan shayi ba. Na tafi gida ina ganin magana ta ƙare.

Bayan kwana biyu na koma in tabbatar komai na tafiya. Na tarar da ma'aikata a tsaye a ofishin Alhaji, manaja yana jawabi. Yana cewa an gyara matsalar na'ura, kuma Alhaji, saboda tausayinsa da albarkacin Baba da ya sa baki, ya yafe wa ma'aikacin Gwaram. Mutumin yana durƙushe a kan kafet, hularsa a hannu, yana cewa ya gode, Allah ya ƙara girma, in Allah ya yarda ba za a sake ba.

Na dubi Alhaji. Ya san gaskiya, ni na gaya masa ita a wannan ɗakin. Ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Ba komai, tashi. A dai riƙa kula."

Na ce, "Me zai kula da shi, Alhaji? Butar?"

Wanda ya amsa mini shi ne mutumin da ke durƙushe. Ya juyo gare ni, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Baba, don Allah."

Na gane roƙon da yake yi. Makullansa suna aljihunsa, yana so su kwana a can. Na ɗauki jakata na fita.

Har yanzu yana reshen Gwaram, kwamfutarsa ba ta sake yankewa ba. Manoman Basirka kuwa suna cewa tun da Alhaji ya ja masa kunne ya gyara halinsa.